Amincin Gwajin Tayirod ga Mai Ciki da Jariri: Duba Daga Ƙasar Makoɗa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa gwajin jini na tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ba ya faɗin gaskiya sai an san lokacin da aka ɗebi jinin da kuma ma'aunin da aka gwada shi da shi. An ɗauki ƙasar Makoɗa, maƙwabciyar Ɗambatta, a matsayin misali, domin a nan yawancin haihuwa a gida ake yin ta a hannun ungozoma.

Abubuwa biyu likita ke aunawa: sinadarin T4 da tayirod ke fitarwa, da TSH wanda ke fitowa daga wata halitta a gindin ƙwaƙwalwa don ya zaburar da tayirod. Idan T4 ya yi ƙasa, TSH sai ya hau.

2.0 Mai Ciki

Ciki yakan birkita wannan lissafi. A watanni uku na farko, sinadarin da mahaifa ke fitarwa, wanda shi ne gwajin fitsari ke ganowa a ce mace ta samu ciki, yana zaburar da tayirod da kansa, saboda haka TSH yakan sauka ko da mace lafiya lau take. Har ila yau furotin mai ɗaukar T4 a jini yana ƙaruwa, jimlar T4 ta haura da kusan rabi. Wanda ya riƙe ma'aunin macen da ba ta da ciki zai iya ɗora wa mai lafiya ciwo. Mafi muni, yana iya sallamar wadda tayirod ɗinta ya gaza, alhali ɗan tayi da T4 na uwa ya dogara har wajen tsakiyar ciki, lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa.

Ga kuma batun aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikrogiram 250 a kullum ga mai ciki, maimakon 150. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, to amma gishirin da ya wuni a buɗe cikin rana a kasuwa aidin ɗinsa raguwa yake. Gero ma, abincinmu na yau da kullum, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya danganta yawan cinsa da maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci.

3.0 Jariri

A nan ne matsalar ta fi nauyi. Kusan jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da tayirod mai rauni, kuma a makonnin farko ba ya nuna alamar da za ta tayar da hankali. Yana yawan barci, ba ya kuka, ba ya ƙwazon shan nono, shawararsa takan daɗe. Sai kakanni su ce an samu yaro mai haƙuri. Kafin harshe ya yi kauri, cibi ya turo, a lura maɗiga ta ƙi rufewa, ƙwaƙwalwa ta riga ta taɓu, taɓuwar da magani ba ya mayarwa. Idan kuwa aka fara ba shi ƙwayar tairoksin cikin makonni biyu na farko, yawanci yakan tashi da basira daidai da tsararsa. Dalilin da ya sa ke nan aka fara gwada dukkan jarirai a lardin Kwebek na Kanada a 1974, ta hanyar ɗiga jinin diddige a kan takarda. Nijeriya ba ta da irin wannan shiri na ƙasa baki ɗaya.

Sai dai ko an kawo shirin gobe, akwai tarko. Da zarar an haifi yaro, TSH ɗinsa yakan yi tsalle cikin rabin sa'a, ba ya lafawa sai bayan kwana biyu ko uku. Matar da ta haihu a asibiti sau da yawa ranar take komawa gida, jinin da aka ɗiba kafin ta tafi kuwa zai nuna ciwo ga yara masu lafiya da yawa. Bakwaini kuma akasin haka ne: nasa TSH yakan makara wajen hawa, sai an maimaita gwajin. Shafa maganin aidin a cibiya yana ɗaga sakamakon, zafi da laima na damina suna lalata jinin da ke kan takarda kafin ta kai ɗakin gwaji a Kano.

A ganina, al'adarmu ta riga ta ba mu ranar da ta dace. Tsakanin kwana na uku da ranar suna mai jego tana ɗaki, ungozoma na zuwa, wanzami ma zai zo. Ma'aikacin lafiya da ya bi sawunsu da takardar gwaji zai sami jini a lokacin da ya fi aminci, ya kuma rage mako guda cur a kai jaririn da aka yi shakkarsa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗebi jinin jijiya a tabbatar kafin a fara magani.