Idan wurin aiki ya yi ƙaura, ina makomar wanda bai iya bi ba?

A watan Janairun 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya yanke shawarar mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ita ma ta ce hedikwatarta za ta koma can, sai muhawara ta koma ta Arewa da Kudu. Dattawa suka fitar da sanarwa, 'yan siyasa suka cika gidajen rediyo. Tambayar da ta fi shafar talaka kuwa ba a cika jin ta ba: idan kamfani ko ofis ya tashi daga gari, direba ko masinjan da ba zai iya kwashe iyali ya bi ba, me doka ta tanadar masa?

Abin da ta tanada kaɗan ne. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda bai wuce wata uku a aiki ba, notis ɗin kwana ɗaya ya ishe shi. Mai ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga biyar zuwa sama, wata ɗaya, ko a biya shi kuɗin wannan wa'adi. Sashe na 20 ya ce kafin rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara sallamar wanda ya zo daga baya, a kuma yi ƙoƙarin sasantawa kan kuɗin sallama. Ƙoƙari kawai, ba a yanke ko sisi ba.

Wanda yake son ganin illar wannan giɓi, ya je Kakuri a Kaduna. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a zamanin Sardauna, wasu masaƙu suka biyo baya, har garin ya zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Da an busa jiniyar canjin aiki, titi yakan cika da ma'aikata da kekuna, masu tuwo da masu shayi na jiran ciniki a bakin ƙofa. A 2002 aka rufe masaƙar Kaduna Textiles, wadda jihohin Arewa ke da hannun jari a cikinta. Shekara da shekaru tsofaffin ma'aikatanta suna zarya da takardu suna neman haƙƙinsu, da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba, matansu suka gaji zaryar. Waɗannan ba ƙaura aka yi aka bar su ba, rufewa aka yi, amma dokar da ta kasa kare su ita ce dai za ta tarbi wanda ƙaura ta raba da aikinsa yau. Har yaushe 'yan majalisarmu za su yi ta hayaniya kan inda gini yake, su bar sashe na 20 yadda yake?

Kai kuma ma'aikaci, idan aka miƙo maka takardar ajiye aiki da sunan ka ƙi komawa sabon wuri, kada ka yi gaggawar sa hannu, domin wanda ya ajiye da kansa yakan rasa hujjar neman kuɗin sallama. Adana takardar ɗaukarka aiki, ka nemi ƙungiyarku, idan abin ya ci tura ka kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna.