AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ƙwari sun addabi lambun gidana, ko in fesa musu fiya-fiya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a wajen Funtuwa. Ya ce uwargidansa ta yi ɗan lambu a bayan ɗaki, ta shuka alayyahu da kuɓewa da tumatir, tana ba su ruwan rijiya. To ga shi darɓa da tsutsa sun taso wa ganyen. Shi kuwa yana da ragowar fiya-fiya da yake fesa wa kyankyasai. Shin ya sirka da ruwa ya fesa wa lambun?

To Malam, mun gode ƙwarai da wannan tambaya, kuma amsarmu a taƙaice ita ce: kul, kada ka soma!

Ga dalili. Galibin abin da ake ƙullawa a kwalabe da sunan fiya-fiya, da wanda ake kira Sniper, sinadarin da ke cikinsu sunansa dichlorvos, wato DDVP. Guba ce da ke kama jijiyoyi, kuma ba ta san bambancin kyankyaso da ɗan Adam ba. Tana shiga jiki ta baki, ta hanci, har ta fata. Saboda samun ta a cikin wake ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a shekarar 2015. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni da kantuna. To abin da aka ƙi a buhun wake, yaya za ka kai shi tukunyar miyarka?

Sannan ka lura, lambun gida ba gonar auduga ba ce. Ko maganin feshi na gona da aka yarda da shi, akwai kwanakin da ake rubutawa a jikin kwalba waɗanda dole a jira kafin a ci amfanin. Alayyahun bayan ɗaki kuwa wa zai jira? Da yamma za a aiki yarinya ta tsinko, yara na wasa a wurin, kaji na tsattsaga.

To mene ne mafita? Malam, maganin yana ƙofar gidanka. Dogonyaro nake nufi, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, 'yan uwanmu na Nijar kuma su ce bedi. Asalinsa itacen ƙasar Indiya ne, kuma manoman can sun daɗe suna korar ƙwari da shi. Ganyensa yana aiki, amma ƙarfin ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yansa.

Ga yadda ake yi. A tsinto nunannun 'ya'ya, waɗanda suka yi rawaya suka zubo. A wanke a cire naman, a shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe sarai. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar. A auna rabin kilo, kai da ke sayar da hatsi ai ba ka rasa sikeli ba, a daka a turmi, amma ba turmin da ake daka abinci ba, don ɗacinsa ba ya fita da wuri. A zuba garin a bokiti mai cin lita 10 na ruwa, a motsa, a rufe ya kwana. Da safe a tace da tsumma mai kyau. Sai a narka ɗan sabulu kamar girman goro a zuba, ko da sabulun salo ne, domin shi ke sa ruwan ya kama ganye. In babu injin feshi, sabuwar tsintsiya ta wadatar, a riƙa tsomawa ana yarfawa.

Akwai abubuwa uku da ke sa mutane su ce sun gwada bai yi ba. Na farko, suna fesawa da tsakar rana, alhali hasken rana na kashe ƙarfinsa. A bari sai bayan la'asar, lokacin nan ma zuma ta rage zirga-zirga a kan fure. Na biyu, suna jiƙa saman ganye kawai, su kuwa darɓa da farin ƙuda a ƙarƙashin ganye suke maƙalewa. A ɗaga ganyen a jiƙa bayansa. Na uku shi ne gajen haƙuri. Dogonyaro ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi cin abinci yake yi, ya hana tsutsa saɓa da girma, sai bayan kwana biyu zuwa uku a ga sun ragu. Don haka a maimaita duk mako, a sake in ruwan sama ya wanke, kuma kowane karo a haɗa sabo.

Lokacin da nake koyarwa a firamare, da wannan ruwa muka tsare lambun makaranta. Amma gaskiya rabin aikin hannun yara ne ya yi shi: kowace safiya kafin a shiga aji, sai su bi kunya-kunya suna tsince tsutsa suna ba kaji. Ƙaramin lambu, ido da hannu sun fi kowane magani.

Kada kuma in yaudare ka. In ganyen tumatir ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi rawaya, wannan cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, babu feshin da ke warkar da ita. A tuge a ƙone. Tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta yi wa tumatir ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina a 2016, cikin ganye take shigewa. Dogonyaro zai rage ta ne kawai, sai an haɗa da tsinke ganyen da ta kama. Kuma kome aka tsinko, a wanke shi sosai kafin a dafa.

Kyankyasan da suka sa ka sayi fiya-fiya tun farko, su ma yunwa ta fi guba korarsu. Kada kwanuka su kwana ba wanki, a rufe abinci, a toshe tsagar bango da siminti, a yi wa masai murfi. Ɓera kuma a ɗana masa tarko.

Daga ƙarshe, in tsautsayi ya sa wani ya sha ko ya shaƙi irin wannan guba, alamunta su ne dalalar miyau, zufa, amai, gudawa da sarƙewar numfashi. A fitar da shi iska, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar, don likita ya san abin da zai yi magani.

Malam, a gaida mana uwargida, a ce mata ta yi abin kirki, don mai lambu a gida ba ya cin tuwo gaya. Allah Ya sa albarka, Ya tsare mana iyalanmu. Sauran masu wasiƙu ku ƙara haƙuri, muna tafe. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.