Tsohuwar A-kori-kura: Kafin Ka Sayar Da Ita, Duba Ko Kai Kawai Take Buƙata

Yau ba maganar abinci ko rigakafi na zo da ita ba, maganar mota ce.

Duk mai kiwon kaji ko tarwada a Wurno, Rabah da Goronyo ya san wahalar jigila. Buhunan abinci daga Sakkwato ake ɗauko su, kwalayen 'yan tsaki daga Ibadan suke tasowa, kifi kuma in ya isa sayarwa sai ka kai shi inda masu saye suke. Shi ya sa wanda ya ɗan tara kuɗi yake neman tsohuwar a-kori-kura. Sai dai galibi za ka tarar kan motar ya gama yayi: tsatsa ta cinye ƙasa, ƙofa sai da igiya, rufi na yoyo.

To, a ganina wannan bai kashe mota ba. Ran mota yana ga shasi, inji da giya. In waɗannan ukun lafiya lau suke, ana iya sauke kan a ɗora wani. Haka na yi wa tawa Hilux, kuma har yau ita ke kai min kifi kasuwar Achida.

Amma ba kowace mota ke karɓar haka ba. Hilux kanta a ɗaure yake bisa shasi da notuna da robobi, kwancewa kawai ake yi. Ita kuwa Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, kanta haɗe yake da gabanta, sai an yanka an yi walda. Wannan aikin babba ne, ba na kowane mai walda ba.

Kafin ka biya ko sisi, sa bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya ƙwanƙwasa shasin da guduma. Ruwan jarkokin kifi da kashin kaji da muke ɗauka suna cin ƙarfe sosai. In shasin ya ruɓe ko ya karkace, wallahi ka haƙura, sabon kai ba zai cece shi ba.

Na biyu, zubin ya zama ɗaya. Hilux ƙirar 1988 zuwa 1997 daban take da wadda ta biyo bayanta. Kan mai ƙofa huɗu kuma ya fi na mai ƙofa biyu tsawo, zai cinye maka wurin kaya. In za ka Ƙofar Ruwa a Kano nema, tafi da bakanikenka da awo a hannu. Ka kuma guji kan da sitiyarinsa ke dama, irin na Ingila ko Japan. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu yake.

Na uku, wayoyi. Wayoyin motar fetur ba ɗaya suke da na dizal ba, don haka a nemo mai gyaran waya tun kafin a ɗaga kan. A sa sababbin robobi, a fitar da iska daga birki da kuloci bayan an haɗa.

Na huɗu, takardu. Lambar da ke jikin shasi ita ce ke takardunka, alhali sabon kan zai zo da farantin lambar wata mota. Karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, ka je ofishin lasin a daidaita, har da launi in ya canza. Kun dai san yawan shingayen bincike a hanyar Goronyo, da yadda ba a son yamma ta riski mutum a hanya. Awa biyu a tsaye cikin zafin Afrilu, 'yan tsaki da 'ya'yan kifi ba za su kai gida ba.

Shawarata ta ƙarshe: kar ka taɓa kuɗin abinci don gyaran mota. Abinci ne ke cin mafi yawan jarin kiwo, kuma kaji ba su san bashi ba. Jira sai ka fitar da kaya ka ware riba, sannan a sauke kan. Kafin nan ka yi haya, ko ku haɗa kuɗin mota da maƙwabta.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya zaunar da yankinmu lafiya.