Wayar Hannu: Wa Ke Riƙe Da Makunninta?

A farkon watan Satumba na shekarar 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya da su kashe dukkan turakunsu da ke jihar Zamfara. Gwamnatin jihar, a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ita ce ta nemi a yi haka, domin a hana 'yan bindiga da masu kai musu rahoto yin magana da juna yayin da jami'an tsaro ke farautarsu a daji. Da fari mako biyu aka ambata, amma Gusau ba ta sami sabis ba sai a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa, irin su Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido musu da shi. A tsawon wannan lokaci, mutumin Banga yana riƙe da wayar da ya saya da guminsa, ga caji ga kati, amma ko ɗan'uwansa da ke cikin Kaura bai iya kira ba. Masu sana'ar POS suka rufe, aiken kuɗi ya tsaya, labarin haihuwa da na rasuwa suka koma sai an yi tattaki.

To, me ya sa abin da mutum ya mallaka zai ƙi yi masa aiki alhali bai lalace ba? Amsar tana cikin yadda aka ƙera na'urar.

Wayar salula ƙaramar rediyo ce mai karɓa da aikawa. Idan mutum ya yi magana, sai ta mai da muryarsa lambobi, ta ɗora su a kan igiyar rediyo mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ta aika wa turken da ya fi kusa. Daga nan saƙon zai bi ta cibiyar kamfani, ita kuma ta nemo turken da ke kusa da wanda ake kira. Ko da mutum biyu suna zaune a kan tabarma ɗaya, sai kiransu ya bi wannan hanya. A tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, iyakar nisan da waya ke iya hulɗa da turke bai wuce kilomita 35 ba, kuma duwatsu da gine-gine suna rage shi ƙwarai.

Ɗaliban ilmin halittu sun san kauci, tsiron nan da ke maƙale wa reshen itace. Yana da koren ganye, don haka yana haɗa abincinsa da hasken rana, amma ruwa da ma'adanai daga jikin itacen yake tsotsa. In aka sare itacen, kwanansa ya ƙare. Haka wayar hannu take: wasu ayyuka da kanta take yin su, wasu kuwa sai da turke.

Bugu da ƙari, turken ba ya amsa wa baƙo. Kowane layi yana ɗauke da lambar da cibiyar kamfani ke tantancewa, kowace waya kuma tana da tata lambar mai alƙaluma 15, wadda za a gani in an danna *#06#. Saboda haka kamfani ya san turken da waya take kusa da shi a kowane lokaci, yana kuma iya rufe layi guda ya bar saura. An ga haka a watan Afrilu na 2022, lokacin da aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba yin kira.

Akwatin rediyo kuwa daban yake. Karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai, don haka gidan rediyo bai san mai sauraronsa ba, balle ya ware shi ya yanke masa. Igiyar gajeren zango tana tashi sama ta bugi wani sashen sararin samaniya mai ɗauke da lantarki, sannan ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomitoci. Ta wannan hanya Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya daɗe yana isa ƙauyukan ƙasar Hausa ba tare da turke ko rajista ba.

Ita ma wayar tana da sassan da ke ƙarƙashin ikon mai ita shi kaɗai. Tocila da na'urar lissafi da kyamara da rediyon FM duk ba su bukatar sabis. Abin da aka adana a katin ajiya yana nan daram, kuma ana iya tura shi zuwa wata wayar ta Bluetooth a tazarar kamar mita 10, ko ta manhajar Xender. Littafin da ɗalibi ya sauke a wayarsa zai karanta shi ko da an kashe turaku, wanda ya bari a intanet kuwa ya zama kayan aro, kuma Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka yana da kyau malamai su koya wa ɗalibai wasu ɗabi'u. Su riƙa sauke darussa suna adanawa, su rubuta muhimman lambobi a takarda, kada kuma gida ya rasa rediyo da batir da 'yan kuɗi a hannu. Haka nan idan manhaja ta nemi izinin ganin lambobin jama'a ko hotuna ko wurin da mutum yake, a tambaya ko aikinta yana bukatar haka, domin an sha ganin manhajojin ba da bashi suna amfani da irin wannan izini wajen tozarta mutane a gun danginsu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa damar neman sanin abin da kamfani ya tara a kansa, da neman a gyara shi in akwai kuskure.

Ko rufe turakun Zamfara ya kawo sauƙin da aka yi fata, wannan muhawara ce da jama'a da hukuma ke da hakkin yi, kuma mai son shiga cikinta sai ya fahimci abin da ake kashewa da kuma wanda zai ji a jikinsa. Ɗalibin da ya san inda ikonsa a kan wayarsa ya fara da inda ya tsaya, shi ne zai iya yin tanadi tun kafin ranar bukata, kuma daga cikin irinsa ake sa ran samun injiniyoyin da za su ƙera na'urorin da suka fi biyayya ga masu su.