Dalilin Da Ya Sa Manhajar C# Ke Karanta Lamba Ba Daidai Ba Daga Laburaren C

Manhajoji da dama, har da wasannin da ake ƙerawa da Unity, ana rubuta su da C#, amma aiki mai nauyi kamar sarrafa hoto sai a miƙa shi ga laburaren C ko C++. A .NET, hanyar wannan miƙawa ita ce P/Invoke. Matsalar ita ce laburaren bai san sunan kowane fili ba. Bayit kawai yake ƙirgawa.

Misali, a ce akwai struct mai ɗauke da bool guda biyu da int guda ɗaya na farashi. A C++, kowane bool bayit 1 ne, sai a bar gurbin bayit 2, farashin ya fara bayan bayit 4. Jimilla bayit 8. Shi kuwa .NET, idan ba a faɗa masa komai ba, yana ɗaukar kowane bool a matsayin bayit 4, irin na Windows. Sai jimillar ta koma 12, ya je neman farashin bayan bayit 8. Sau da yawa manhajar ba ta faɗuwa, kawai sai ta nuna kuɗin da ba shi ba. Maganin shi ne a sa wa filin MarshalAs da UnmanagedType.U1.

Haka long yake da tarko. A C# kullum bayit 8 ne, amma a C bayit 4 ne a Windows, bayit 8 a Linux mai bit 64. Shi ya sa .NET 6, da ya fito a 2021, ya zo da CLong.

Sai kuma mai kwashe shara na .NET, wanda ke sauya wa bayanai wuri a memori. P/Invoke na riƙe su wuri guda ne kawai iya lokacin kiran. Idan laburaren ya ajiye adireshin don amfani daga baya, dole a kafe bayanan da GCHandle, in ba haka ba wata rana zai yi rubutu a wurin da ba nasa ba.

Gwaji mafi sauƙi kafin a saki manhaja: a buga Marshal.SizeOf a C#, a buga sizeof a C. Lambobin biyu suka bambanta, to akwai gyara.