Shanyewar ɓarin jiki da gudajin jini: gaskiya da jita-jita a Inkil

Ranar da wani dattijo maƙwabcinmu a Inkil ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar asuba, baki ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, kowa da shawarar da ya kawo. Wani ya ce jini ne ya yi kauri, a ba shi asfirin. Wata ta ce a kira wanzami ya zuƙe mataccen jini. Wani matashi kuma ya nuna saƙon WhatsApp mai cewa a tsattsaga yatsunsa da allura.

Zancen gudajin jini akwai ƙamshin gaskiya. Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, irin su fibirinojin, don in mutum ya yanke jinin ya tsaya. Wani lokaci gudajin kan toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Likitoci sun kuma lura cewa waɗanda fibirinojin ya yi musu yawa sukan fi jinkirin murmurewa. Amma wannan alama ce kawai. Girman wurin da ya lalace, shekarun mutum da saurin kai shi asibiti duk suna da tasu rawar.

Inda nake jin tsoro shi ne batun asfirin. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya gano cewa kashi 32 cikin 100 na masu wannan ciwo jijiya ce ta fashe musu, ba toshewa ta yi ba. Ka ba irin wannan mutum maganin tsinka jini kamar asfirin, ka ƙara masa zubar jini a ka. Ido ba ya bambance biyun, sai hoton CT.

Ba na raina ƙahon wanzami, amma gudajin da ake gani a cikinsa jini ne da ya daskare bayan ya fito, kuma ƙaho ba ya kaiwa jijiyar ƙwaƙwalwa. Ga mai shan maganin tsinka jini na warfarin ma haɗari ne, don jinin na iya ƙin tsayawa. Zancen allura a yatsu kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Allurar da ke narkar da gudaji, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Don haka 'yan uwa, da kun ga baki ya karkace ko magana ta sarƙe, ku duba agogo, kada ku ɗura masa ruwa ko rubutu don yana iya shaƙewa, ku nemi mota ku nufi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku kuma riƙa auna hawan jini, shi ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo a ƙasarmu.