Wa ke cin moriyar rancen sayen jiragen ƙasa?

Tun lokacin da layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Katsina ba. Tsohon layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa ta Funtua ya ratsa, ya nufi Ƙauran Namoda.

Wannan ne ya sa jama'ar birnin suka zuba ido a kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, a zamanin shugaba Muhammadu Buhari. An tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Sai dai shimfiɗa dogo daban, sayen abin da zai hau kansa daban. A shekarar 2023 kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, wanda ke aikin layin, ya sanar da wata kwangilar ta euro miliyan 840, domin samar da kawunan jirage da taragai.

Yadda tsarin yake

Ba kasafai ƙasa mai tasowa ke iya biyan irin wannan kuɗi nan take ba. Don haka ƙasashen da ke ƙera jirage suka kafa bankuna da hukumomin da ke mara wa masu fitar da kaya baya. Birtaniya ta kafa tata a 1919, Amurka a 1934, ita kuwa ƙasar Sin ta kafa bankin Exim a 1994.

Hanyoyin tallafin biyu ne. Ko dai bankin gwamnati ya bai wa mai saye rance mai sauƙin kuɗin ruwa da dogon wa'adi, ko kuma hukuma ta tsaya wa kamfani, ta ɗauki nauyin asarar idan mai saye ya gaza biya.

Amma akwai sharaɗi: galibi a wajen kamfanonin ƙasar da ta ba da rancen za a sayi kayan. Ke nan yawancin kuɗin masana'antunsu suke komawa, bashin kuma ya rage a wuyan mai saye.

Haka aka yi a layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Bankin Exim na Sin ya ba da dala miliyan 500, kamfanin CCECC ya yi aikin, jiragen kuma daga Sin aka kawo su.

Ƙasashen ƙungiyar OECD sun cimma yarjejeniya a 1978 domin taƙaita gasar rangwame a tsakaninsu, suka kuma ƙara babi na musamman kan jiragen ƙasa a 2014. Sin ba ta cikin wannan yarjejeniya, abin da ya ba kamfanoninta damar yin tayin da abokan hamayya ke wahalar kamowa.

Riba da haɗari

Alfanun a bayyane yake: ana samun jirgi tun kafin a tara kuɗinsa. Haɗarin shi ne da kuɗin waje ake biyan bashin, alhali da naira fasinja ke sayen tikiti. Duk faɗuwar darajar naira, kamar wadda aka gani tun daga 2023, ƙarin nauyi ce a kan baitulmali. Kayan gyara ma daga can za a riƙa sayo su shekara da shekaru.

Dogara da mai ba da rance na iya tsayar da aiki. Layin Kaduna zuwa Kano ya yi ta jan ƙafa bayan kuɗin bankin Exim sun ƙi fitowa, har sai da bankin raya ƙasa na Sin ya saki kusan dala miliyan 255 a farkon 2025.

Domin rage wannan dogaro, Najeriya ta sa CCECC ya gina masana'antar haɗa taragai a Kajola ta jihar Ogun, da jami'ar sufuri a Daura. Ga Katsinawa, abin dubawa shi ne ko injiniyoyin da Daura za ta yaye ne za su riƙa gyara jiragen da za su tsaya a tashar Katsina.